Ba a Rina Baƙi don Mai Rai

Alhamis, 16 ga Agusta, 1945

An ce Japan ma ta ajiye makami, yaƙin duniya ya ƙare ke nan. Tun hantsi ake dukan ƙararrawar coci, samari na ta wasan wuta a dandali, karnukan garinmu Santa Rita do Juá, nan Brazil, duk sun shige ƙarƙashin gadaje. Ni ina bayan gida ina juya tukunyar rini, kayan makokin iyalin marigayi Seu Firmino ne, kuma gobe suke so.

Inna Quitéria, uwar mijina, ta kira ni daga cikin ragar kwanciyarta.

"Zulmira, wa ya mutu?"

Na ce ba kowa, Inna, murna ake, yaƙi ya ƙare.

"To, Tácio na hanya ke nan. Ki shanya masa ragarsa ta sha rana."

Na ce to. Me zan ce wa tsohuwar da idonta ya daɗe da tafiya, ba ta da abin kallo sai ɗan nan nata a zuci?

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya daina juya shi. Farin shekarar 42 ya cinye wake da awaki, ya haɗa da jaririyarmu. Sai ga mutanen gwamnati da akori-kura da hotunan itatuwa kore shar, wai Amurka na neman roba don tayoyin yaƙi, wai wanda ya je dajin Amazonas ya tatso ta soja ne daidai da wanda ya tafi Italiya da bindiga. Suka ba mijina Tácio malafa, wando shuɗi, kofin gwangwani. Ya tsaya a ƙofa yana ƙamewa yana dariya, wai in kalli sojana. Shekara biyu da rabi yanzu. Saƙo ɗaya daga birnin Belém, kan hanyarsu ta shiga dajin, daga nan shiru.

Asabar, 18 ga Agusta

Ranar kasuwa. Na shiga kantin maganin Seu Honorato sayen garin baƙi, wanda nake ƙarawa kan ɓawon itace da tsatsar ƙarfe idan aikin masu hali ne. Na tarar da maza cike, shi yana bayan kanta da jaridar Fortaleza, babban birnin jiharmu. Tun da aka kashe ɗansa Aderbal a Italiya cikin Afrilu, mutumin nan ba shi da karatu sai lissafin matattu. Ya rame har tabarau na zame masa.

Yana bi ƙasa bayan ƙasa. Rasha, Jamus, Poland, China wadda aka ce ba a ma san iyakar nata ba. Kowace ƙasa an raba mata gida biyu, sojoji gefe, farar hula gefe. Ya ce a wurare da yawa mata da yara da tsofaffi sun fi masu bindiga mutuwa. Wani ya tambaya duka-duka nawa ke nan. Ya ce, "Ka tara mutanen jiharmu Ceará kaf ka binne. Ka yi haka sau ashirin, ba ka kai ba." Wasu suka cire hula.

Ya iso kan Brazil. Sojoji ɗari huɗu da 'yan kai. Farar hula wajen dubu, waɗanda aka nutsar wa jirage a teku. Ya ɗora yatsa kan ɗari huɗun ya ce, "Aderbal na nan ciki."

Bakina da ba ya jin magana. Na ce, "Seu Honorato, sojojin roba fa, wane gefe aka sa su?"

Ya juya shafin gaba da baya. "Babu su, Dona Zulmira."

"Wato ba wanda ya mutu?"

"Ban ce haka ba. Na ce babu su."

Chico mai jakuna ya ce daga baya ai su sauro suka je yaƙa. Aka ɗan dara. Na ce masa shi ko sauron bai iya tunkara ba, ranar da motar kwasar 'yan roba ta zo a bayan dutse ya yini da zawo. Dariyar ta koma kansa, amma ban ji sanyi ba.

Na dawo gida ban sayo garin ba.

Litinin, 20 ga Agusta

Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na rasa abin da ke damuna. Ƙarya nake, na sani.

Asabar, 25 ga Agusta

Comadre Jovita ta zo da ƙunshi a hammata. Ita ta riƙe min 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna comadre, kuma mijinta Nicanor mota ɗaya suka hau da Tácio. Ta zaga bayan gida ta ajiye ƙunshin kusa da murhu tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki jefa min su a tukunya, comadre."

"Wa ya mutu?"

"Kin fi ni sani."

"Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba."

Ta ce ta gaji. Ita ba matar aure ba, ba gwauruwa ba. In ta yi dariya a kasuwa a ce ta manta miji, in ta yi kuka a ce tana masa fatan tsiya. Ta je wurin Fada Otacílio, limamin cocinmu, ya yi wa Nicanor addu'ar matattu, ya ce sai da takarda ko shaidar wanda ya ga gawa.

Ashe Inna ta lallaɓo da sandarta har bakin ƙofa. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Jovita, kwashe tsummokaranki. Wadda ta rina wa mai rai baƙi, ita ta haƙa masa kabari da hannunta. A gidan nan ba za a yi ba."

Jovita ta ce, "Sa min albarka, Dona Quitéria," ta ɗauki kayanta ta fita tana share ido.

Haka muka taso muka tarar, kuma haka uwata ta koya min tare da sana'ar: ka tambayi wa ya mutu kafin ka tsoma, don abin da ya shiga tukunyar nan ba ya komawa launinsa. Ni da nake baƙanta wa gari kaya, ban taɓa sa baƙi a jikina ba. Iyayena na nan da ransu, jariri kuwa ba a yi masa baƙi, an ce mala'ika ne ya koma gida. Hannuwana kaɗai ke makoki, har gwiwar hannu.

Talata, 4 ga Satumba

Motar auduga ta tsaya a dandali. Na saki muciya na fita da gudu kamar yarinya. Buhuna ne da direba. Inna na tambaya daga ciki, wace mota ce, wace mota ce. Kafin in dawo wake ya kama.

Asabar, 8 ga Satumba

Wai a Rio, babban birnin ƙasa, an tari sojojinmu da suka dawo daga Italiya da furanni, mata na jefa musu sumba daga benaye. Allah ya ba su lafiya, ban ƙi ba. Magajin gari ya sa an yi shela: ranar Tunawa da Matattu, biyu ga Nuwamba, za a kafa dutse da sunan Aderbal a dandali, da jawabi da 'yan badujala.

Na je ofishinsa. Akawun yana sakace, ya ce su ba su da labarin 'yan roba, in tambayi Fortaleza. Na ce ai a nan gaban teburinka suka dangwala yatsa. Ya ce wancan lokacin yaƙi ne.

Alhamis, 13 ga Satumba

Dona Eulália, uwar Aderbal, ta zo da kanta, ba ta aiko 'yar aiki ba. Baƙin da na yi mata cikin Afrilu ya fara koɗewa ya koma kamar toka, tana so a maimaita kafin ranar dutse. Na ba ta kujera a inuwa, na dafa kofi, na fasa mazarƙwaila.

Ta kurɓi kofi tana kallon tukunya. Can ta ce, "Ke kin ji daɗi, Zulmira. Naki zai iya shigowa ta ƙofar nan ko yau."

Na ce, "Ke kuma kin san inda naki yake kwance, Dona Eulália."

"A wani gari da ban iya faɗin sunansa ba. Hoto suka aiko min, gicciye fari cikin gicciye ɗari."

"Ni ko hoton babu."

Ta dube ni, na dube ta. Na ɗauka za ta tashi cikin fushi, sai ta miƙo kofi in ƙara mata. Da za ta tafi ta ce in da ana musanya da ta yi da ni yanzun nan. Na koma juya tukunya, don tsoro nake kada in ce na yarda.

Allah ya yafe min. Wace irin mata ce ke kishin mai gawa?

Lahadi, 23 ga Satumba

Zafi. Ramin ruwan da muka haƙa a cikin busasshen kogi ya ƙara yin ƙasa, sai na durƙusa da ƙoƙo. Na kai Inna coci, tana riƙe da hannun rigata kamar kullum, tana gaya wa duk wanda ya gaishe ta cewa Tácio na hanya.

Laraba, 26 ga Satumba

Ba aiki. Ba wanda ya mutu a garin nan sati guda, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Na kankare tukunya har ta kusa hujewa.

Talata, 9 ga Oktoba

Belarmino ɗan Dona Sinhá ya dawo. Yana cikin waɗanda suka hau motar. Maza talatin da wani abu suka tafi, shi ne na farko da ƙafarsa ta sake taka garin nan. A bayan motar gishiri aka sauke shi. Na gan shi daga nesa ban gane shi ba, saurayin da ke ɗaga buhu biyu ya koma rawaya, ciki a kumbure, wuya kamar na kaza.

Kafin azahar mata sun cika ƙofar gidan uwarsa, kowa da inda ta sa gaba, ba mai kallon wata. Dona Sinhá ta fito da taɓarya ta ce a bar mata ɗa ya ci abinci, duk wadda ta ƙetare dokin ƙofa ta fasa mata kai. Na ga gaskiyarta. Amma na tsaya har rana ta yi sanyi.

Laraba, 10 ga Oktoba

Ya zo da kansa. Ya cire hula ya durƙusa gaban ragar Inna.

"Sa min albarka, Dona Quitéria."

"Allah ya yi maka albarka. Muryar Belo ce, amma ta tsufa. Ina ka baro min ɗa?"

"Na baro shi da rai."

"Ka ji ko, Zulmira? Ba shi kofi."

Ya sha, ya yi 'yan labarai, kogi mai faɗin da ba a ganin ƙetarensa, ruwan sama kullum, mu da rashin ruwa ya kora daga gida. Inna ta yi dariya. Da zai tafi ya yi min ido, na bi shi bayan gida wurin tukunya, na ja ƙofa.

Zan rubuta yadda ya faɗa, ba ƙari.

An rarraba su ne a bakin wani kogi can ciki, kwana da kwanaki a jirgin ruwa daga birnin Manaus. Mutum biyu ko uku a bukka, kowa da layin itatuwansa a daji. Shi da Tácio da Nicanor bukkarsu ɗaya. Masassara ta kashe Nicanor a daminar farko. Su biyun suka naɗe shi cikin ragarsa suka binne a gaɓa, suka kafa gicciye. Da kogi ya cika ya tafi da gaɓar da gicciyen.

"Tácio fa?"

Ya juya hula a hannu. Ya ce ƙafafu ne suka fara kumbura, irin ciwon da ake yi can saboda ba abinci sai garin rogo da abincin gwangwani. Kumburin ya hau har cinya. In ka danna, yatsa ya lume ramin ya zauna. Shi Belo ya samu kwalekwalen wani mai kamun kifi da ya yarda ya fitar da shi a ɓoye, don mai dajin robar da suke yi wa aiki ba ya barin kowa ya fita. Ya so ya ɗauki Tácio, amma Tácio ba ya iya tsayuwa. Tácio ya ce ya tafi.

"Yaushe?"

"An fi shekara."

"Waɗanda kumburin ya kai musu cinya, suna tashi?"

"Ban taɓa ganin wanda ya tashi ba, Dona Zulmira. Amma ban gan shi a mace ba. Ba zan rantse gaban Fada kan abin da ban gani ba."

Na tambaye shi ko ya ba shi saƙo. Na so ya yi min ƙarya, na rantse na so. Yaron nan bai iya ba. Ya ce, "Cewa ya yi in bar masa ashana."

Na riƙe bakin tukunya, da zafinta, ban ji ba sai daga baya.

Da na koma ciki Inna ta juya fuska bango. Na ce barci ne, na gode Allah.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Ya bar masa ashanar. Na koma na tambaya. Ya ce kwali guda, saura kaɗan a ciki.

Litinin, 15 ga Oktoba

Na rina wa Jovita. Belo ya je gaban Fada ya ba da shaida, an buga wa Nicanor ƙararrawa jiya, an yi masa addu'a. Da na miƙa mata kayan ta rungume su ta yi kuka har da majina, sannan ta zauna ta share kwano biyu na wake da garin rogo. Ta ce rabonta da jin ɗanɗanon abinci tun tafiyarsa.

"Ke fa, comadre?"

Na ce nawa an baro shi da rai.

Ta buɗe baki ta rufe. Gara da ta rufe, da na kwaɗa mata muciya.

Inna ba ta ce uffan ba kan rinin Jovita, tunda akwai shaida. Amma kwanan nan ba ta cewa komai kan komai. Mota ta wuce jiya ba ta tambaya ba. Abincinta ma rabi take ci. Ina jin zafin nan ne ke kayar da ita, zan samo mata ganyen shayi wurin Dona Sinhá.

Laraba, 17 ga Oktoba

In ya mutu, shekara guda ke nan yana kwance ba kyandir, ba addu'a, matarsa na yawo cikin riga mai furanni kamar mai zuwa biki. In yana da rai na tsoma, ni na kashe shi. Gaba kura, baya sayaki. Na juya shi ta kowane gefe, kamar yadda nake juya kayan mutane, bai kama ba.

Asabar, 20 ga Oktoba

Belo ya san ƙarshen mutum shida kawai. Sauran bai sake ganinsu ba tun Manaus. Amma matan sauran ma sun fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙofar baya, da ƙunshi. Ba takarda, ba shaida. Sun ga Belo, sun ga abin da dajin ya mai da wanda ya tsira, jiki magayi. Ta farko na tambaye ta wa ya mutu, ta miƙo min ƙunshin kawai. Daga ta uku na daina tambaya. Uwata ta ji wannan sai ta tsine min.

Na koma kantin magani, garin baƙi ya ƙare. Ba kowa sai Seu Honorato. Ya ce ya yi tambaya wurin wani likita abokinsa a Fortaleza. Wai waɗanda aka kwasa zuwa roba sun haura dubu hamsin, ninkin sojojin da aka kai Italiya. Nawa suka mutu, ba wanda ya ƙirga.

"Ba su riƙe bindiga ba, ba za a sa su gefen soja ba. Ba bam ne ya faɗo musu ba, ba za a sa su gefen farar hula ba. Haka likitan ya ce."

"To kai me ka ce?"

Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "Ni kullum sai na duba ɗari huɗun nan, Dona Zulmira. Ban san me nake nema a ciki ba. Bai dawo min da shi ba."

Ya ƙunsa min garin ya ƙi karɓar komai. Ban yi gardama ba, don na ga in na matsa zai yi kuka a gabana.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Bayan coci na tare Fada. Na tambaye shi ko zunubi ne mace ta shiga baƙi ba ta tabbata ba. Ya ce tufa tufa ce, Allah zuciya yake dubawa. Na ce to ya buga wa Tácio ƙararrawa. Ya ce wannan kuma sai da shaida.

Fada ya iya magana. Ba shi zai sa rigar ba, ba kuma shi zai zauna ɗaki ɗaya da Inna ba.

Asabar, 27 ga Oktoba

Igiyoyi uku a bayan gida, duk baƙi. Iska na kaɗa su. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na yi wa akuyar maƙwabta ashar don ta kalle ni.

Talata, 30 ga Oktoba

Wai an sauke shugaban ƙasa a Rio jiya. Maza na ta ƙus-ƙus a dandali. Ko a jikina.

Laraba, 31 ga Oktoba

Na gama na ƙarshe, na Dona Eulália. Ya yi kyau, baƙi wuluk. Sauran ruwa a tukunya, da ƙarfinsa, zubarwa asara ce.

Rigata ta zuwa coci, mai furanni rawaya, tana kan igiya kusa da murhu, kuma ta samu ɗigo biyu a gaba. Tun bara ma ta samu. Riga mai tabo ba ta shiga coci ranar taro. Daidaita ta kawai na yi.

Ta nutse a hankali, furannin suka yi ta leƙowa, na danna su da muciya. Ban yi kuka ba. Na ɗauraye ta a gaggauce na shanya tsakanin kayan mutane.

Inna ba ta gani. Warin rini kuwa gidan nan kullum cikinsa yake. Ba yadda za a yi ta sani, kuma ba wanda zai gaya mata, na ja kunnen Jovita.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Na ɗauko ta daga igiya, na mayar. Na sake ɗaukowa.

Juma'a, 2 ga Nuwamba

Na sa ta.

Na yi wa Inna wanka, na taje mata kai, na sa mata rigarta shuɗiya. A bakin ƙofa ta miƙo hannu ta kama hannun rigata yadda ta saba. Muka yi taku biyu ta tsaya. Na ji yatsunta suna murza yadin. Ni da na shekara ashirin ina wannan aiki, na yi ta tunanin ido da hanci, na manta abin da kowace mai rini ta sani: sabon baƙi tauri gare shi, yana kama yatsa kamar an yi masa koko. Na jira tsawa irin wadda ta yi wa Jovita.

Ta ce, "Mu je, za mu makara."

A dandali an jera kujeru gaban dutsen, an rufe shi da tuta. Dona Eulália da Seu Honorato a gaba. Magajin gari ya hau akwati ya ce duniya ta yi asarar miliyoyi, ƙasarmu ta ba da ɗari huɗu da wani abu, garinmu kuma ya ba da ɗa guda. Mu muna tsaye a baya. Ban ƙirga mu ba, amma na san kowace riga, ta tukunyata ta bi. Dona Eulália ta waiwayo ta gan mu, ta daɗe ba ta mai da kai ba, har mijinta ya taɓa ta. 'Yan badujala suka busa, aka yaye tuta, aka yi tafi. Aderbal yaron kirki ne, yana gaishe ni in ya wuce. Na yi masa addu'a da gaske.

Daga nan maƙabarta. Na kunna kyandir kan ɗan kabarin 'yata, na kunna kan na surukina. A gindin babban gicciyen tsakiya, inda ake kunna wa waɗanda kabarinsu ke nesa, wuta ta yi yawa har kakin na gudu a ƙasa. Ban je wurin ba. Inna na riƙe da ni, na ja ta muka wuce.

Sai a hanyar gida, wajen itacen juá, inda ba kowa, ta yi magana.

"Ba ki ɗauraye ta da kyau ba. Kuma gishiri ya yi kaɗan, za ta zuba."

Na ce, "Inna, tabo ta yi, shi ne na..."

"Zulmira, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Ƙofar bayan nan ba ta rufuwa tun Tácio na yaro. Na ji har ashanar."

Na zauna kan saiwa, ita tana tsaye riƙe da rigata.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Uwa ba ta riga matar ɗanta shiga baƙi. Ke nake jira. Na ce yarinyar nan tana da sauran rai a kansa, ba ni zan kashe mata ba."

"Ni kuma ke nake tsoro."

"To, mun ɓata wa juna lokaci."

Na ce ba mu fa tabbata ba, Inna. Ta ce ba za mu tabbata ba, ko yau ko gobe. Sannan ta lalubo kaina ta dafa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidanta. A nan na yi kukan, a gefen hanya, jakunan Chico na wucewa.

Asabar, 3 ga Nuwamba

Ban ce ya mutu ba. Ko a nan ban rubuta ba.

Na ɗora tukunya da sassafe. Inna ta fito da kayanta a hannu, riga biyu ne da ita duk duniya, shuɗiyar da mai ruwan ƙasa, sai ɗankwali. Na ce ta bar guda a waje.

"Don me?"

"Ko da dai..."

"Ko da me?"

Na jefa duka biyun. Tana zaune a inuwa naɗe cikin zanen gado tana jiran su bushe, ni kuma na ƙara gishiri.